Ayar da Baba Ba Ya Fassarawa

Bana ruwa ya yi mana yawa a Kontagora. Kwana da kwanaki rana ba ta fito ta kirki ba, wanki ya ƙi bushewa, bangon ɗakina ya jiƙe har ya fara yin kore. Jiya ɗana Kabiru ya dawo daga gona ta hanyar Ibeto, jarkar feshi a bayan babur, yana ƙorafin wai ciyawa ta fi ƙarfinsa. Na dube shi kawai. Mutumin da ke kashe ciyawar gona guda da safiya ɗaya, a tsaye, ko sunkuyawa bai yi ba. Ban tanka ba, don in na fara sai ya ce tsohuwa ta soma. Amma hayaƙin jiƙaƙƙen itacen da matarsa ke fama da shi a murhu ya mayar da ni wata damina, shekara arba'in da wani abu, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Masu cewa azumin damina ya fi sauƙi ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ƙishirwa kam da sauƙi, yunwa ce babu sauƙi. Lokacin ne rumbu ke kusan kaiwa ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kuma lokacin ne gona ke neman ƙarfin mutum gaba ɗaya. Waccan shekarar abin ya fi tsanani, don a daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba. Da sahur sai in yi ta hura wuta har idona ya yi ja, in ɗumama tuwon da na rage, mu ci da miyar yakuwa marar mai. Ana sallame asuba maza su kama hanyar gona cikin yayyafi, su dawo wajen azahar da laka har gwiwa, ko magana ba sa iya yi. Da shan ruwa kuwa kunun tsamiya ne tsararo, sai kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Tafasar nan mun ci ta har yara suka fara gudun warinta.

Abin da ke riƙe mu shi ne la'asar. Mahaifina, da nake kira Baba, shi ne limamin unguwarmu, kuma duk azumi yana yin tafsiri a zaurensa bayan la'asar. Ba ya gaggawa. Inda ya tsaya bana, nan zai ɗauka baɗi. Shekaru ya yi yana bin Alƙur'ani a haka, kuma a wannan azumin ne ake sa ran zai sauke. Mu mata muna zama a cikin gida jikin bangon zauren, muna tsinke ganye muna saurare. Gidan aurena babu nisa, kullum da ni ake yi.

Mai ja masa baƙi shi ne maigidana. Aikin mai jan baƙi shi ne ya karanta aya da Larabci ya yi shiru, malam ya fassara ta da Hausa, in ya gama ya ce "na'am", sannan a ja ta gaba. Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa a nan, don ko da ya rasu bakina bai iya sunansa ba. A gaban Baba ya yi karatu tun yana saurayi, daga baya ya samu aikin koyar da Arabiyya a firamare. Mutum ne marar hayaniya, amma in ya kafe a kan abu gara ka je ka tura katanga.

Baba yana da wata al'ada da kowa ya sani. Duk ayar da Allah Ya yi wa wani Annabi gyara a cikinta, ba ya fassara ta. In aka ja ta sai ya sunkuyar da kai ya ce, "A nan sai ladabi. Ku yi salati." Zaure ya ɗauki salati, ya ce na'am, a wuce. Haka ya yi a labarin Annabi Adamu da itaciya, haka ya yi a na Annabi Yunusa. A wurinsa Annabawa ma'asumai ne, wato Allah Ya tsare su daga saɓo, kuma abin da ke tsakaninsu da Ubangijinsu ba maganar da za a baje a zaure ba ce.

Malam ya daɗe abin yana damunsa, na kuma san ya sha yi wa Baba maganar a keɓe. Amma akwai sura ɗaya da ya fi shekara goma yana jira, wadda ta ba da labarin makaho. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune da manyan Makka yana kwaɗayin su karɓi addini, sai wani makaho ya zo da tambaya, aka ɗaure fuska aka kau da kai daga gare shi, ayoyi suka sauka a kan haka. Mahaifin Malam makaho ne. Shi ya yi masa jagora yana ƙarami, ya ga yadda ake magana ta saman kan tsohon kamar ba ya wurin. Yakan ce mini, ranar da aka zo surar nan yana so duk wanda ke zauren ya ji da Hausa cewa saboda makaho aka saukar da ita.

A makon farko na azumin aka iso ta. Ana yayyafi, zaure ya cika har waje. Malam ya ja farkon surar. Baba ya ce, "A nan sai ladabi. Ku yi salati." Aka yi. Ya ce na'am.

Malam ya sake jan ayar da ya ja.

Wanda bai san tafsiri ba ba zai ga wani abu a nan ba. Amma mai jan baƙi ba ya maimaita aya sai in malam bai gama da ita ba, kuma malam ne ke neman a maimaita. Idan ya maimaita don kansa, ya ce wa malaminsa ke nan a gaban jama'a, ka tsallake. Inna, mahaifiyata, ta ajiye ganyen hannunta. Baba ya sake cewa a yi salati, ya sake cewa na'am, da ɗan ƙarfi. Malam ya kuma jan ayar. Daga nan muka ji an rufe littafi, Baba ya shafa fatiha, ya shigo gida ya wuce mu bai dubi kowa ba.

A gida ko kunun ban bari ya gama sha ba.

"Malam, me ya kai ka?"

"Aya na ja."

"Ka ja, ka sake ja, ka kuma ja. Ubana ne fa."

"Ubana ne ni ma. Amma Allah bai ɓoye ayar nan ba. Manzon Allah da bakinsa ya karanta ta ga jama'a, bai rage harafi ba. Wace shaida ta fi wannan a kan cewa saƙon ba daga kansa ya ƙago shi ba?"

"Wato cewa kake ya yi laifi."

"Allah Ya tsare ni. Annabawa ba sa saɓo, ba sa ƙarya, ba sa ɓoye saƙo. Amma mutane ne. In suka zaɓi abu mai kyau alhali akwai wanda ya fi shi, nan take Allah Yake gyara musu. Gyaran ma yana cikin tsarewar."

Na ce masa duk na ji, amma ya faɗa mini ko hujja za mu tuƙa mu ci in rumbu ya ƙare. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san garinmu fiye da yadda ya san shi.

Washegari wani ɗalibin ne ya ja baƙi. Aka fara daga surar gaba, babu wanda ya ce uffan. A waje kuwa magana ta yi ƙafa. Ranar farko cewa ake ya maimaita aya. Kafin ranar kasuwa ta zama ya ƙure Liman. Daga nan ta zama ya ce Annabi ya yi kuskure, kafin mako ya zagayo wasu har rantsuwa suke cewa zagi ya yi. Mutumin da bai furta kalma ɗaya ta Hausa a zauren ba.

Dama mun riga mun sa ranar gayya. Gonarmu tana can hanyar Ibeto, dawa da gero, kuma ciyawar harƙiya ta rufe ta, ta fara fin shukar tsayi. Kowace shekara ɗaliban Baba da samarin unguwa ne ke zuwa su yi mana noman a rana ɗaya, Malam shi ma ya je nasu. Gayyar azumi daban take. Ba a kai abinci gona. Ana farawa da sassafe a tashi kafin rana ta take, sai da magariba kowa ya zo gidan mai gona a sha ruwa tare. Don haka tun ana gobe gayya na jiƙa gero, wanda na daɗe ina ɓoyo, na surfa dawa, na aika aka sayo daddawa. Gero kuwa in ya shiga ruwa ba ya komawa rumbu.

Malam ya hau kekensa bayan asuba. Ya dawo da azahar shi kaɗai, tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Babu wanda ya je. Wanda ya taya shi shi ne Yohanna, wani Bakambare Kirista mai gona kusa da tamu, da ya hango shi shi kaɗai ya tsallako da fartanyarsa. Wai ya tambaye shi me ya hana mutanensa zuwa, Malam ya fara bayani, ya ga ba zai ƙare ba, ya ce saɓani ne a kan karatu. Yohanna ya ce to su yi sauri su gama, don ciyawar nan ba karatu take yi ba.

Ni kuma ga tukwane a kan wuta. Da magariba na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kamar wadda ba ta san komai ba. Aka kira salla, aka idar, tabarmi na nan wayam. Na zuzzuba abincin na aika maƙwabta. Wasu suka karɓa ta bayan gida, wasu suka dawo da shi ko buɗewa ba su yi ba. Kwana biyu muna shan kunun nan har ya yi tsamin da ba na tsamiya ba, sauran na zuba wa awaki. Ban yi kuka a gaban Malam ba, amma na yi.

Sauran kwanakin sai a hankali. Ruwa kullum. Gefen katangarmu ya zube, babu mai taya mu tayarwa, muka kafa zana. Sauro ya hana yara barci. Na koma auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo, ina ƙara wa fate ganye har ya zama ganye ne da ɗan tsaki. Malam yana fita gona da duhu-duhu, ya noma abin da ya iya, kafin ya kai ƙarshen kunya farkonta ya sake yin kore. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A masallaci in ya tsaya a sahu, na kusa da shi sai ya matsa. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu shiga ajinsa. Duk wannan na daure. Amma wata Juma'a ya dawo babu hula, aljihun rigarsa a yage, leɓensa a kumbure. Na tambaye shi, ya ce cunkoso ne. Ni kuwa na san irin wannan ba a kan hula yake tsayawa ba.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi gidan Baba cikin ruwa. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, kuma ina faɗa masa abin da yayyena maza ba sa iyawa. Na same shi a ɗakinsa, ya janye littattafai gefe guda saboda yoyo, tasa na tarar ruwa a tsakar ɗaki.

"Uwata, cikin ruwan nan? Faɗa kika zo yi wa ɗanki?"

"Tambaya na zo yi, Baba. Abin da Malam ke so ka faɗa, yana cikin littafi ko babu?"

Ya matsar da tasar daidai yoyon.

"Yana ciki. Ni na karantar da shi."

"To me ya hana?"

"Mafi yawan malamai sun ce Manzon Allah ake nufi, kuma magana ce irin ta masoyi da masoyinsa, ba laifi aka ɗora masa ba. Akwai kuma waɗanda suka ce wani ne cikin manyan da ke zaune ya ɗaure fuskar. Duk na sani. Amma ki dubi masu zama a zauren nan. Mahauci ne, da mai faci, da direba. In na faɗa da Hausa, gobe wani zai wulaƙanta na ƙasa da shi, in an yi masa magana ya ce ai ko Annabi an yi masa gyara. Wa ya ba shi wannan? Ni. Sannan harshen nan nawa tun ina yaro salati yake masa. Ba zai iya haɗa sunansa da ɗaure fuska ba. Na gwada ni kaɗai a ɗakin nan, ya ƙi."

Na ce, "Ni ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninku ba, kuma ba shi ya kawo ni ba. Jiya sun cire masa hula, sun fasa masa baki. Jikokinka ganye suke ci. Duk garin nan bakin mutum ɗaya ne zai tsayar da maganar nan."

"Ya zo ya ba da haƙuri."

"Zai zo, ko da jan sa zan yi. Ya yi maka rashin kunya, wannan kam ya yi. Amma in ya ba da haƙuri kai kuma ka yi shiru, cewa za a yi ya amsa laifinsa."

Ya leƙa waje ya ce ruwa ya tsagaita, in tafi gida kafin ya dawo.

Malam ya je da yamma, ya durƙusa ya ba da haƙuri a kan maimaitawar, ban da ra'ayin. Baba ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, bai ƙara komai ba. Na ɗauka shi ke nan, na fara tunanin ko mu koma Salka wurin dangin Malam bayan salla.

Ranar sauke tafsiri ta zo ana saura kwana kaɗan a ga wata. Jama'a har kan titi, wasu da lema, wasu da buhu a ka. Baba ya aiko a ce wa Malam ya zo. Ya je ya raɓe can baya wajen takalma, mutane suka ɗan dare daga gefensa. Aka ja surorin ƙarshe, Baba ya fassara, kowa ya gyara zama ana jiran addu'a. Ni ina jikin bango, ko ganye ban taɓa ba.

Sai muka ji Baba ya ce, "Akwai bashin sura a kaina. Ɗana, matso. Koma ka ja mini ita."

Aka buɗe masa hanya. Ya ja ayar. Baba ya yi salati shi kaɗai, ya daɗe yana yi. Sannan ya fara fassara. Ya ba da labarin manyan Makka, ya ba da na makahon. Da ya zo kan wanda ya kau da kai sai muryar ta tsaya. Muna jin numfashinsa ta bango. Ya sake ɗauka, ya ce, "Shugabanmu ne. Kwaɗayin shiriyar mutane ya sa shi, ba raini ba. Ubangijinsa Ya nuna masa abin da ya fi, shi kuma ya karanta mana da bakinsa." Inna ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa jin Baba yana kuka ba sai ranar, kuma bai tsaya ba har ya kai ƙarshen surar, aya bayan aya, yana cewa na'am, Malam yana ja.

Da ya gama ya ce, "Abin da yaron nan ya nemi in faɗa yana cikin littattafan da na karantar da shi. Bai zagi kowa ba. Wanda ya ce ya yi zagi, to ni ya fara tuhuma, ga ni a zaune." Ya shafa fatiha.

Kwana biyu bayan salla gayya ta fita gonarmu, har da waɗanda ba a gayyata ba. Har da wanda ya cire masa hular, in ji Malam, ko da yake bai taɓa faɗa mini sunansa ba. Noman ya zo a makare. Gero ya riga ya tafi, dawa ce muka samu kamar rabin abin da muka saba, muka lallaɓa da ita har wata damina.

Ranar sallar da na je gaishe da Baba na same shi shi kaɗai. Na durƙusa zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

Na ce, "Ashe dai ka yarda da maganar Malam."

"Ban yarda ba, Uwata. Har gobe ina ganin ba kowane kunne ya kamata ya ji ta ba. Na faɗa ne don kada a zubar da jini a kan shiruna. Yadda zan dubi Shugaban da na ambata ranar da muka haɗu a lahira, wannan kuma nawa ne, ba naki ba."

Ya miƙo mini goron salla, ya tambayi yara.

Da azumi ya zagayo, jama'a suka taru a zaure bayan la'asar za a buɗe sabon tafsiri daga farko. Baba ya aiko cewa a nemi wani malamin ya yi tafsirin. Aka yi roƙon duniya, Malam da kansa ya je ya fi a ƙirga. Baba ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, lafiyarsa ƙalau, idonsa garau, yana limanci, yana ɗaurin aure, yana raɗin suna. Bai sake zama ya fassara aya ko ɗaya a gaban jama'a ba.